Rana Ba Ta Ƙarya: Masu Yanka Wa Duniya Ranar Tashi

Gabatarwa

A shekarar 2025 wani mutumin Afirka ta Kudu mai suna Joshua Mhlakela ya shelanta cewa an nuna masa Yesu Almasihu zai dawo ya kwashe masu bi ranar 23 ko 24 ga watan Satumba. Maganar ta bazu a TikTok da sauran kafofin intanet, har ta iso wayoyin mutanen ƙasar nan. Ranakun suka zo suka wuce, kowa ya koma neman abin da zai sa a bakin salati. Mutumin nan ba shi ne farau ba, ba kuwa shi ne zai zama ƙarau ba.

Tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa ita ce: idan mutum ya karanta annabcin ƙarshen duniya a littafin addininsa, shin yana da hurumin fitowa ya gaya wa jama'a cewa ma'anarsa rana kaza ce, ko ƙasa kaza, ko wane ɗan wane? In kuwa ya faɗa, aka gaskata shi, magana ta tashi a banza, alhakin asarar da mutane suka yi yana wuyan wa? Zan gina maganar a kan annabce-annabcen littattafan Kirista, domin a can ne aka fi yin irin wannan lissafi a rubuce, da shekara da kwanan wata, yadda mai nazari zai iya bin sawu ya auna. Kada mai karatu Musulmi ya ce babu ruwansa. Musulmi ma suna jiran saukowar Annabi Isa, alaihis salam, ga kuma maƙwabtanmu Hausawa Kirista a ƙasashen Sumaila da Tudun Wada da Wusasa. Idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Abin Da Ke Cikin Littattafan

Wurare uku masu hasashe suka fi ɗebo hujja a Littafi Mai Tsarki: littafin Daniyel, da babi na 24 na Linjilar Matiyu, da littafin ƙarshe, wato Wahayin Yahaya, wanda wasu ke kira Ru'ya ta Yohanna. Shi wannan na ƙarshe, yawancin masana sun tafi a kan cewa an rubuta shi wajen shekara ta 95 bayan haihuwar Annabi Isa, a tsibirin Batmos, aka aika wa ikilisiyoyi 7 da ke yankin da a yau yake cikin ƙasar Turkiyya. Mutanen da aka rubuta wa ƙananan jama'a ne marasa ƙarfi, suna zaune a ƙarƙashin daular Rum wadda ke so a girmama sarkinta kamar abin bauta. Littafin cike yake da siffofi masu ban tsoro: mahaya dawaki huɗu, da dabba mai kawuna 7 da ƙahoni 10, da birnin Babila, da fagen yaƙin Armagedon, da lambar nan 666 da aka ce ita ce lambar dabbar.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da malaman hisabi ya san cewa a abajada kowane harafi yana da adadinsa. Haka abin yake a Ibrananci da Girkanci. Masana da yawa sun nuna cewa idan aka rubuta sunan Kaisar Nero da haruffan Ibrananci aka haɗa adadinsu, 666 ake samu. Nero kuwa shi ne sarkin da ya gallaza wa Kiristocin birnin Rum bayan gobarar shekara ta 64. A wasu tsofaffin kwafe-kwafen littafin 616 aka rubuta, wannan ma ya dace da sunan nasa yadda ake furta shi da Latinanci. Ashe ke nan akwai alamar cewa masu karatun farko sun gane wanda ake nufi, kamar yadda talakawa kan gane zambon maroƙi ko da bai kama suna ba.

Wani abin lura kuma shi ne, su kansu littattafan sun yi hani da yanka rana. A babin nan na Matiyu an bayyana cewa sanin ranar da sa'ar na Allah ne Shi kaɗai. Manzo Bulus ya tsawata wa wasu mutanen Tasalonika da suka yi watsi da sana'a suka koma zaman kashe wando. Agustin, babban malamin Kirista ɗan Afirka ta Arewa wanda ya rasu a shekara ta 430 a garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ga an ci birnin Rum da yaƙi a 410, mutane suna cewa duniya ta zo ƙarshe, amma ya hana ƙidayar shekarun da suka rage. Saboda haka mai yanka rana ya saɓa wa littafin da yake riƙe da shi tun kafin ya saɓa wa hankali.

Masu Lissafi

Duk da wannan hani, ba a taɓa rasa masu lissafi ba. Mafi shahararsu shi ne Wiliyam Mila, wani manomi a jihar New York ta Amurka. Ya ga an ambaci kwanaki 2,300 a babi na 8 na littafin Daniyel, sai ya ɗauki kowane kwana a matsayin shekara, ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Annabi Isa, lissafi ya faɗa a kan 1843. Da ta wuce, mabiyansa suka gyara suka tsayar da ranar 22 ga Oktoba, 1844. Dubban mutane suka zauna jira, wasu sun bar amfanin gona ba su girbe ba, wasu sun rufe shaguna. Gari ya waye ranar 23 kamar kullum.

A 1970 wani Ba'amurke, Hal Lindsey, ya fito da littafin da aka sayar da miliyoyin kwafensa. Ya ɗauki kafuwar ƙasar Isra'ila a 1948 a matsayin mafarin ƙirga, ya ce tsara ɗaya kamar shekara 40 ce, sai masu karatu suka zuba wa 1988 ido. Ya fassara ƙahoni 10 da ƙungiyar kasuwar ƙasashen Turai. Da ƙasar Girka ta shiga ƙungiyar a 1981 ta zama ta 10, masu wannan ra'ayi suka ce magana ta tabbata. To amma a 1986 ƙasashen suka zama 12, bayan ficewar Birtaniya a 2020 kuwa 27 suka rage. Tarayyar Sobiyat da aka ce ita ce rundunar arewa da za ta auka wa Isra'ila ta wargaje a 1991.

Sai kuma Harold Camping, mai gidan rediyon addini a jihar Kalifoniya. Ya fara ambaton 1994, bai dace ba. Ya dawo ya ce 21 ga Mayu, 2011, aka kafa allunan talla a ƙasashe da dama. Wani tsohon ma'aikaci a birnin New York ya kashe kimanin dala 140,000 daga abin da ya tara na tsufansa wajen yaɗa sanarwar. Da ranar ta wuce Camping ya matsa zuwa 21 ga Oktoba. A 2012 ya fito ya amsa cewa abin da ya yi zunubi ne, ya rasu a 2013.

Mai karatu zai lura cewa hanyar duk ɗaya ce. Mai lissafi yakan fara da labarin da ke damunsa a zamaninsa, sannan ya koma littafi ya nemo ayar da za ta zauna a kai. Shi yake zaɓen inda ƙirga zai fara, shi yake yanke cewa kwana shekara ce. Wanda ya riƙe farkon igiya da ƙarshenta kuwa, duk inda ya ga dama nan zai ƙulla.

Darasi Daga Gonar Achika

Domin mu rarrabe tsakanin lura da alamu da yanka rana, bari mu leƙa gona. Manomi a Achika ta ƙasar Wudil ya san alamomin damina sarai. Idan zafin bazara ya tsananta, iska ta juyo ta daina busowa daga gabas, shamuwa ta dawo, ya san lokaci ya ƙarato. Abin da sanin nan yake sa shi yi shi ne sharar gona, da kai taki, da gyara ƙotar sungumi, da fito da iri a duba. Ka tambaye shi ran da ruwan shuka zai sauka, zai ce maka sai yadda Allah Ya yi. Rashin sanin ranar bai hana shi shiri ba, hasali ma shi ne yake sa shi shiri da wuri, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da manoma ke kira binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In an dace, mai binne ya riga kowa. In kuwa yayyafi ya jiƙa irin ya tsiro, sannan ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi, to an yi asarar iri. Manomi ya san caca yake yi, shi ya sa mai hankali ba ya binne da dukkan irinsa, kuma in ya yi, nasa ya binne.

To mai yanka wa duniya ranar tashi shi ne mutumin da ya zagaya gari yana rantsuwa cewa ruwa zai sauka ran Laraba, kowa ya kwaso irinsa duka ya binne, har da hatsin da ke rumbu. A ganina a nan ne iyakar take. Karanta annabci domin mutum ya share gonar zuciyarsa, ya biya bashi, ya nemi gafarar wanda ya zalunta, wannan aikin manomi mai hankali ne, kuma kowace al'umma tana bukatarsa. Amma sa mutane su binne abin da suka mallaka a kan ranar da kai ka ƙirƙiro, wannan cin amana ne, ko da ayoyi nawa ka jero.

Wa Ke Biyan Asara?

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan sha'ani sau da yawa abin ba haka yake ba. A Koriya ta Kudu wani fasto, Lee Jang Rim, ya ce za a fyauce masu bi zuwa sama ranar 28 ga Oktoba, 1992. Mutane suka bar aiki, suka sayar da gidaje, suka miƙa kuɗi. Da hukuma ta kama shi sai aka tarar yana da takardun jarin da lokacin karɓar kuɗinsu ba zai yi ba sai a 1993. An ɗaure shi saboda zamba. A Kanungu ta ƙasar Uganda, ƙungiyar Joseph Kibwetere da Credonia Mwerinde ta ce duniya za ta tashi a ƙarshen 1999, mabiya suka sayar da dukiyarsu suka kawo. Da shekara ta 2000 ta kama lafiya, wasu suka fara neman a mayar musu da abinsu. Ranar 17 ga Maris aka rufe ɗaruruwan mutane a cikin majami'a aka cinna wuta, daga baya aka tono wasu gawawwakin a gidajen ƙungiyar, jimilla fiye da mutum 700. A 2023 kuma, a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, an tono gawawwaki fiye da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, waɗanda aka ce an umarce su su ƙaurace wa abinci har su sadu da Yesu. Da yawansu yara ne.

Wani zai ce, ai waɗannan 'yan damfara ne da azzalumai, ina laifin wanda ya yi lissafinsa da zuciya ɗaya? Wannan tambaya ce mai nauyi, domin Wiliyam Mila bai ci kuɗin kowa ba, kuma daga cikin mabiyansa ne aka samu ɗarikar Adibantis wadda ta kafu a 1863, take da makarantu da asibitoci a duniya, har da na Jengre a jihar Filato. Wani kuma zai ƙara da cewa, in tsoron ranar ya sa mashayi ya daina sha, mazinaci ya tuba, ina asarar?

Amsata ita ce, kyakkyawar niyya tana rage wa mutum laifi, amma ba ta cika rumbun wanda ya bar hatsinsa a gona. Direban da ya ɗauki fasinja ya bi hanyar da bai sani ba, yana rantsuwa ya santa, ba za a wanke shi don shi ma yana cikin motar ba. Laifin mai yanka rana yana wurin da ya sayar da zato da sunan yaƙini, ya jingina wa Allah abin da ƙwaƙwalwarsa ta saƙa. Tuban da aka ɗaura a jikin kwanan wata kuwa, yakan tsinke ran da kwanan ya wuce, har ma mai shi ya koma yi wa addinin gaba ɗaya dariya. Wanda bai watsar ba kuma wani ramin yake faɗawa. Masanin halayyar ɗan Adam, Leon Festinger, da abokan aikinsa sun nuna a binciken da suka buga a 1956 cewa mutanen da suka sadaukar da abu mai yawa saboda annabci sukan ƙara ƙanƙame shi bayan ya ƙi tabbata, domin amsa cewa an yi asarar banza ya fi ciwo.

Isawa Da Mutanen Satiru

Kada mu ɗauka wannan labarin ƙasashen nesa ne kawai. Jiran dawowar Annabi Isa ya taɓa girgiza ƙasar Hausa, kuma ya bar mana misalai biyu da suka sha bamban.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga fifita shi da sa rai ga dawowarsa. Hukuma ta ɗauki koyarwarsa a matsayin fita daga hanya, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu a kudancin Kano da ƙasar Zazzau da wajen duwatsun Ningi, inda tun wajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa da jama'arsa suka yi ƙaura. Masu tarihi sun ruwaito cewa Isawa sun riƙe wata wasiyya, cewa wani zai zo musu da cikakken bayanin Isa. A 1913 wasunsu suka sadu da Likita Mila a Zariya, wato Walter Miller na mishan, wanda suna ne kawai ya haɗa shi da Milan Amurka. Wasu suka ga wasiyya ta cika, suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu zango a Gimi. Ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Daga zuriyarsu aka samu Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Wasu Isawan kuwa ba su bi mishan ba, suka ci gaba da zamansu yadda suke.

Hukunci a kan aƙidar Isawa aikin malamai ne. Abin da ya shafi maganarmu shi ne yadda suka yi jiran. Fiye da shekara 40 suna noma, suna aure, suna karantar da 'ya'yansu, ba a ji sun yanka rana ba. Kuma da abin da wasunsu suka ɗauka cikar alkawari ya zo, ya zo ne a siffar da babu mai lissafin da zai hango ta: Baturen likita da allo da alli.

Misali na biyu shi ne Satiru, kudu da Sakkwato. A 1904 wani mai suna Maikaho ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi ya rasu a tsare. A 1906 jama'ar garin suka taru a bayan ɗansa, Malam Isa, ana danganta shi da Annabi Isa mai zuwa bayan Mahadi, tare da wani malami, Ɗan Makaho, da ya tsero daga yankin Faransawa. A watan Fabrairu suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20. A watan Maris aka dawo da manyan bindigogi, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Alhakin wannan jini yana kan waɗanda suka harba, kuma zaluncin da ya tunzura talakawa da bayin Satiru na gaske ne. Amma fassarar da ta ce musu lokacin ya yi, mutumin kuma ga shi nan a cikinsu, ita ta tsayar da su da gatura da fartanya a gaban bindiga mai ruwa.

Magabatanmu sun san wannan haɗari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta ƙarara cewa shi ba Mahadi ba ne. 'Yarsa Nana Maryam ta aika wa Sarkin Kano wasiƙa tana sukar masu tayar da mutane su yi ƙaura gabas da cewa lokaci ya yi, ta nuna cewa Shehu bai ayyana lokaci ba.

Laifi Tudu Ne

Bayan yanka rana akwai wani nau'in hasashe da ya fi shi yaɗuwa, wato liƙa wa wani sunan dabbar nan ko Magabcin Almasihu, wanda ya yi kusa da Dujal a fahimtar Musulmi. A Turai 'yan Furotesta sun liƙa wa Fafaroma, 'yan Katolika suka rama a kan Martin Luther. An liƙa wa Napoliyon, an liƙa wa Hitila. An ce Shugaba Ronald Wilson Reagan ne, wai don kowane ɗaya daga sunayensa uku yana da harafi 6. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 wasu masu wa'azin Amurka sun ga Saddam Husaini a matsayin sabon sarkin Babila, alhali a daidai lokacin a Kano hotunansa ake liƙawa a motoci ana raɗa wa jarirai sunansa. A nan gida an yi raɗe-raɗin cewa lambar banki ta BVN ita ce 666, a 2020 kuma aka koma kan fasahar 5G da allurar rigakafin korona.

Wanda ya lura zai ga ba a taɓa samun mai lissafin da ya haɗa haruffan sunansa, ko na shugaban ɗarikarsa, ya ce shi ne ba. Kullum abokin gaba ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Illar kuwa babba ce, domin da zarar ka yarda cewa maƙwabcinka sojan Dujal ne, to ka sauke wa kanka haƙƙin maƙwabtaka, babu sauran sulhu ko ciniki ko gaisuwar mutuwa. Mu da muka ga abin da ya faru a Kafanchan a 1987, da Kano a 1991, da Kaduna a 2000, mun san abin da kan biyo baya idan mutane suka daina ganin juna a matsayin mutane. Ban ce fassarar annabci ce ta haddasa waɗannan rigingimu ba, amma busasshiyar ciyawa ba ta bukatar a ƙara mata kananzir.

Ina Ruwan Marubuci?

'Yan'uwa marubuta, ruwanmu ne, domin kusan duk waɗanda na ambata da alƙalami suka yi aiki. Jerin littattafan ƙagaggun labarai na Tim LaHaye da Jerry Jenkins a kan fyaucewa, waɗanda suka fara fitowa a 1995, an sayar da fiye da kwafi miliyan 60, kuma mutane da yawa daga cikinsu suka ɗauki fahimtarsu ta ƙarshen duniya. Tsoro haja ce mai saurin fita, kowane mai sayar da littafi a bakin kasuwa zai shaida. Jarabawar da ke gaban matashin marubuci ke nan.

Marubuci ya fi kowa sanin yadda siffantawa take aiki. Ba ina kwatanta littafin addini da tatsuniya ba ne, amma mu duba kura a tatsuniyoyinmu. Da a ce wani mutum ɗaya take nufi, da ta mutu tare da shi. Ta rayu ne saboda kowane zamani yana da nasa mai haɗama, har ma mai sauraro yakan tsinci halinta a jikinsa. Haka nan wanda ya karanta dabbar Wahayi a matsayin kowane iko da ke neman a durƙusa masa maimakon Allah, ya sami abin da zai auna zamaninsa da zuciyarsa da shi. Wanda ya ce lalle wane ne, ya ƙuntata ma'anar, kuma gobe za ta ƙaryata shi. Waƙoƙin wa'azi na Nana Asma'u da sauran malaman jihadi sun yi ta siffanta alamomin Ƙiyama da firgicinta, amma manufarsu mai sauraro ya gyara halinsa, shi ya sa har yau ba su tsufa ba.

Shawarata ga mai son ya yi rubutu a wannan fage guda biyu ce. Ta farko, ka bambanta wa mai karatu abin da nassi ya ce da abin da kai kake zato, kada ka ari rigar annabci ka sa wa ra'ayinka. Ta biyu, in labari za ka ƙaga, kada ka tsaya ga yi wa mabiya dariya, domin yawancinsu talauci da zalunci da rashin lafiya ne suka sa su ƙosa duniya ta tashi. Ka rubuta mana washegari. Ka nuna mana magidancin da ya sayar da shanun hudarsa a karar Wudil ranar Juma'a don an ce masa ba zai ga wata damina ba, ga shi yanzu hadari ya haɗo, matarsa tana dubansa, ɗansa yana tambayarsa da me za a yi huɗa. A nan ne labarin yake, kuma masu lissafi ba su taɓa rubuta shi ba.

Kammalawa

A taƙaice dai, tunanin ƙarshen duniya ba wauta ba ce. Musulmi da Kirista duk sun yarda akwai ranar hisabi, kuma wannan imani shi ne yake gaya wa wanda aka zalunta cewa azzalumi ba shi ne mai magana ta ƙarshe ba. Duk addinan biyu kuma sun yarda cewa an ɓoye lokacin. Mutum yana da damar yin nazari, ya yi zato, ya tattauna da masana. Inda damarsa ta ƙare shi ne inda dukiyar wani, ko ran wani, ko mutuncin maƙwabci ya fara. Kafin ɗayanmu ya ɗora alƙalami a kan takarda ya ce ma'anar aya kaza ita ce abu kaza, ya tambayi kansa: in na yi kuskure, wa zai kwana da yunwa? Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, to wanda ba shi ne mai ɗiyar ba, me ya kai shi sa rana?

Allah Ya tsare alƙalumanmu daga faɗin abin da ba mu da sani a kai, Ya sa mu cika da kyau. Amin.